A raya ciyayya domin tsofaffin Gaya

Tun shekarar 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 1 ga watan Oktoba ta zama ranar tsofaffi. A wannan rana akan yi taro da jawabai, wani lokaci a raba buhunan hatsi da sabulu, sannan kowa ya koma gida. Wannan abu ne mai kyau, amma shekara kwana 365 ce, kuma ciki bai san ranar biki ba. Tambayar da ta kamata hukuma da jama'a su riƙa yi ita ce: a sauran kwanakin, wa ke kai wa tsohon da ba shi da kowa kwanon tuwo, wa ke tsayawa ya ji yadda ya kwana? A ƙasar Gaya amsar wannan tambaya tana cikin wata tsohuwar al'ada, wato ciyayya. Abin da ya rage shi ne a gyara ta, a tsara ta, tun ba ta mutu ba.

Ƙasar albarka

Gundumar Gaya, a kudancin jahar Doso, tana cikin wuraren da sunka fi samun ruwan sama a duk faɗin Nijar, wajen milimita 800 a shekara. Kogi ya ratsa ta, masunta suna fid da kifi. Ana noman shinkafa a filayen Tara da bakin kogi, ana noman gero, dawa, masara, wake, gyaɗa, rogo, dankali da rake. Dallol Mauri cike yake da giginya, wadda take ba da muruci, Dallol Foga kuwa tun zamanin kakanni aka san shi da gishiri. Gadar da anka gina a 1958 ta haɗa Gaya da Malanbil ta ƙasar Benin, garin Kamba na Nijeriya kuma yana nan kusa. Dandawa, Kyangawa, Hausawa, Zabarmawa da Filani sun daɗe suna zaune tare, suna auren juna, suna cin kasuwa ɗaya.

Wanda ya ji wannan lissafi zai ce ai ba wanda zai kwana da yunwa a irin wannan ƙasa. Amma kasuwa cike da abinci daban, abinci a bakin tsoho daban. Tsohuwar da gwiwoyinta sunka ƙi ba ta iya zuwa kasuwa, ba ta iya daka, ba ta iya ɗebo ruwa ko itace. Dattijon da matarsa ta rasu, wanda bai taɓa ɗora tukunya ba tun da anka haife shi, ko da rumbunsa na da sauran damma, sai an dafa an kawo masa. Yunwar tsufa sau da yawa yunwar rashin hannu ce.

Yadda magabata sunka yi

Mutanen da sun gane haka tun da daɗewa. In an kwashe tuwon dare, uwargida ba ta rarraba wa mutanen gidanta kaɗai. Akwai kwanon surukai, akwai na malam, akwai na baƙon da ya sauka a zaure, akwai kuma na tsohuwar maƙwabta wadda ba ta da ɗa a kusa. Sai a rufe da faifai, a ɗora wa yaro ko yarinya, a ce a kai, a gaishe ta. Yaron ya durƙusa ya gaida ta, ta sa masa albarka, ta tambayi mutanen gida, wani lokaci ta riƙe shi da tatsuniya ko labarin zamanin da. In ya komo za a tambaye shi yadda ya same ta. In ya ce ya tarad da ita kwance, ko kwanon jiya yana nan ba a taɓa ba, kafin a yi sallar lisha babba ya tafi ya duba.

Da kwano ɗaya ke nan an yi aiki iri biyu: an ciyar, an kuma duba lafiya. Ba ofis, ba takarda, ba albashi. Addini ya ƙarfafa wannan hali da umurnin kyautata wa iyaye da kiyaye haƙƙin maƙwabci, Hausawa kuma sunka ce zumunta a ƙafa take.

Abin da ya raunana al'adar

Ba wanda zai ce mutanen yanzu sun fi na da rowa. Zama ne ya sake. Samari da yawa suna tafiya ci-rani Yamai, Kwatano, Ikko da sauran wurare, wasu su komo da damina, wasu su shekara biyar ba a gan su ba. Babban gida na gandu, inda ake noma tare a ci daga tukunya ɗaya, ya rarrabu, kowane magidanci da ƴar tukunyarsa. Garin Gaya ya yi faɗi, sababbin unguwanni sun cika da ƴan haya waɗanda ba su san sunan tsohon da ke bayan katangarsu ba. Ɗan da ke nesa yakan aiko da kuɗi ta waya, abin yabo ne, amma kuɗi ba su daka gero, ba su kuma zama hira.

Bayan wannan ga matsalar iyaka. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ƙofar Kamba ba ta sake buɗewa ba sai a watan Afirilu na 2022. Ranar 30 ga Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, manyan motoci sunka yi dogon layi a Malanbil. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, amma gadar ta ci gaba da zama a rufe a wannan shekara, mutane da kaya sunka koma ƙetara kogi da jiragen ruwa. A garin da dubban mutane ke ci daga zirga-zirgar motoci, masu lodi, ƴan kabu-kabu, mata masu sayad da abinci a tasha, duk ranar da hanya ta tsaya aljihu ya tsaya. In tiyar hatsi ta yi tsada, kwanon da ake fara ragewa shi ne wanda ke fita waje, mai shi kuwa ba ya ƙara, domin kunya ba ta barin dattijo ya ce an manta da shi.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna mutanen Nijar sun zarce miliyan 17, wajen rabinsu yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, waɗanda sunka kai shekara 60 kuwa ba su cika biyar cikin ɗari ba. Saboda haka yawancin tsare-tsaren yaƙi da tamowa sun dubi yara da mata masu ciki, kuma daidai ne. Tun 2006 anka kafa dokar magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Amma ƙarancin tsofaffi bai kamata ya zama dalilin mantawa da su ba. Hasali ma hujja ce cewa ɗaukar nauyinsu ba zai gagari unguwa ba. Fansho kuma na tsofaffin ma'aikata ne. Manomi, masunci da mai dakau ba su da wani fansho illa ƴaƴansu da maƙwabtansu.

Abin da jikin tsoho ke so

Mutane da yawa suna zaton tunda tsoho ba ya noma, ɗan kunu ya ishe shi. Wannan kuskure ne. Gaskiya ne bukatarsa ta hatsi tana raguwa, amma bukatarsa ta abinci mai gina jiki ba ta raguwa, har ma takan ƙaru, domin tsoka tana zubewa da shekaru. Tsokar da ta zube ita ke kawo kasala, faɗuwa a bayan gida, karayar ƙugu da doguwar jinya. Masana abinci suna ba da shawarar tsoho ya samu wajen giram ɗaya na sinadarin gina jiki, wanda ake kira furotin, bisa kowane kilo na nauyinsa a yini, ko ma fiye da haka kaɗan. Mai nauyin kilo 50 ke nan yana son giram 50 zuwa 60. Ƙwai ɗaya yana ba da wajen giram 6, giram 100 na busasshen wake kuma ya ba da fiye da giram 20. Kifi, nono, gyaɗa, ƙuli-ƙuli da daddawa duk suna taimakawa, kuma ba ɗaya daga cikinsu da za a ce sai an sayo daga wata ƙasa.

Sai batun haƙori. Wanda haƙoransa sunka zube ba ya iya cin ƙanzo, gasasshen nama ko rogon da bai nuna ba. In an kai masa irin wannan zai yi godiya, ya ajiye, ya ba jikoki. Abincinsa shi ne tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa wadda anka dake kifi a ciki, faten wake, fura mai nono, kunun gyaɗa, danbun zogale da ya dafu sosai, da ƴaƴan itace masu taushi kamar gwanda da mangwaro. Ganye da ƴaƴan itace suna hana taurin ciki, wanda ke damun tsofaffi ƙwarai.

Gishiri kuma sai an yi hattara, ko da yake ƙasar Foga ce. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Hawan jini ya yawaita ga masu shekaru, shi ke kawo shanyewar ɓarin jiki. Mai ciwon suga kuma a rage masa zaƙi a kunu da shayi.

Ruwan sha shi ne abin da aka fi mantawa. Da tsufa jin ƙishirwa yana raguwa, sai jiki ya bushe mai shi bai sani ba. A watannin Maris, Afirilu da Mayu, lokacin da zafi ke zarce digiri 40, wannan kaɗai yana iya rikita hankalin tsoho har ya kashe shi. Duk mai kai kwano ya kamata ya leƙa randa ya ga ko da ruwa a ciki.

Kaɗaici ciwo ne

Kowa ya san mutum ya fi cin abinci in yana da abokin ci. Tsohon da ke zaune shi kaɗai cikin ɗaki yakan ci loma biyu ya ture kwano, ya ce ba ya jin daɗin baki. In ya rage ci sai ƙarfi ya ragu, in ƙarfi ya ragu sai ya bar zuwa masallaci da zaman bakin zaure, daga nan kaɗaicin ya ƙaru. Likitoci sun daɗe da lura da wannan. A watan Nuwamba na 2023 OMS ta kafa kwamiti na musamman kan zumunta da kaɗaici, wanda ya fid da rahotonsa a watan Yuni na 2025. Rahoton ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, kuma ana danganta mutuwar mutane wajen 871.000 a kowace shekara da shi. Abin da zai ba mutanen Afirka mamaki shi ne, a ƙasashe matalauta anka fi samun masu kukan kaɗaici, 24 cikin ɗari, alhali a ƙasashe masu arziki 11 ne cikin ɗari. Ashe maganar da akan yi, wai kaɗaici ciwon Turawa ne, ba ta da tushe.

Akwai wani abu mafi muni. Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, ta rame, tana magana da kanta saboda rikicin tsufa, ita ce wadda bakin jahilai ke fara jifa da sunan mayya. Da zarar an faɗi haka yara sun guje ta, kwano ya yanke. Gidan da ake shiga kullum da sallama ba ya samun irin wannan sharri.

Abin da wasu ƙasashe sunka koya

Ƙasashen da sunka rasa ciyayya sai da sunka sake ƙirƙiro ta. A Ingila, cikin yaƙin duniya na biyu, a 1943, wata ƙungiyar mata ƴan sa-kai ta fara kai dafaffen abinci gidajen tsofaffi da waɗanda bama-bamai sunka raba da madafansu. A Amurka an fara irin wannan aiki a birnin Filadelfiya a 1954, kuma daga shekarun 1970 gwamnati ta sa kuɗi a ciki bisa dokar tsofaffi ta 1965. Masu wannan aiki da kansu suna cewa ƙwanƙwasa ƙofa da gaisuwa suna da daraja daidai da abincin, domin sau da yawa mai kawo abincin shi ne mutum ɗaya da tsohon ke gani a yini.

Faransa ta koyi nata darasi da tsada. A watan Agusta na 2003 tsananin zafi ya kashe mutane wajen 15.000, yawancinsu tsofaffi, wasu sai bayan kwanaki anka tarad da gawarsu cikin ɗaki. A 2004 anka yi doka wadda ta ɗora wa kowane magajin gari riƙe littafin sunayen tsofaffi da naƙasassu masu zama su kaɗai, ga wanda ya yarda a rubuta shi, domin a riƙa bincikar lafiyarsu in zafi ya tsananta. Ƙasar da ke da manyan asibitoci ta gane cewa maganin farko shi ne a san wa ke ina. Gaya ba ta bukatar motocin raba abinci irin na Amurka. Abin koyi a wurinsu shi ne tsari.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a ƙidaya. Kowane mai unguwa a garin Gaya, da kowane mai gari a Tanda, Bana, Bengu, Tunuga da Yelu, tare da liman da shugabar mata, su zauna su fid da sunayen tsofaffin da ba su da mai dafa musu. Nan ne waɗanda sunka yi karatun yaƙi da jahilci za su nuna amfanin iliminsu. Littafi ɗaya da alƙalami sun isa: sunan tsoho, gidan da yake, ciwon da ke damunsa, da gidan da ke da kwanonsa a kowace rana.

Na biyu, a raba kwanaki. In unguwa tana da tsofaffi goma masu bukata, gidaje saba'in sunka yarda, kowane gida kwano ɗaya zai fid da a mako, kowane tsoho kuma ya samu tuwonsa kullum, har da sauran ɗumame na safe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kwano ɗaya a mako ba ya karya magidanci. Ƙungiyoyin mata na asusu, irin Mata Masu Dubara da anka fara a jahar Maraɗi a 1991, sun riga sun saba da taron mako da riƙon amana. Su sunka fi cancanta su riƙe wannan tsari.

Na uku, mai kai kwano ya zauna. Kada a miƙa ta bakin ƙofa a juya. Ya yi sallama, ya jira har a fara ci, ya duba randa, ya duba gidan sauro da damina, in ya ga abin da bai gamshe shi ba ya faɗa wa babba. A zamanin Samariya, cikin shekarun 1970 da 1980, samari sun gina azuzuwan lakkol da gayya, sun share gari. Samarin yanzu ba su kasa kai kwano da ɗebo ruwa ba.

Na huɗu, hukuma ta tallafa. In ofishin OPVN, wanda anka kafa a 1970, ya kawo hatsin sayarwa da rangwame, ko in za a yi rabon kyauta, a ware kason tsofaffin da ke cikin littafi, a damƙa shi ga gidajen da ke dafa musu a gaban shaidu. Buhun da anka ajiye a ɗakin wanda ba ya iya daka yakan ƙare a hannun wani. Ma'aikacin gidan likita kuma ya riƙa bin littafin ko da sau ɗaya a wata uku, ya auna jini da nauyi, ya gaya wa masu dafawa wanda za a rage wa gishiri. Attajiran gari, masu fid da zakka da masu raba abinci da azumi, su tuna cewa akwai wata goma sha ɗaya bayan salla.

Amsa ga masu shakka

Wasu za su ce wannan tsari zai sa ƴaƴa su yada nauyin iyayensu kan unguwa. Tsoron yana da dalili. Shi ya sa masu unguwa, waɗanda sunka san asalin kowa, su ne za su tantance. Tsohon da ke da ɗa mai hali, sai a kira ɗan a tuna masa haƙƙi, in yana nesa ya riƙa aiko da kuɗin cefane ga gidan da ke dafawa. Amma ba a barin tsoho da yunwa domin a hori ɗansa.

Wasu kuma za su ce dattijon kirki ba zai yarda a rubuta sunansa cikin mabukata ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne wurin da ya fi son dabara. Littafin ya zauna hannun mutum biyu ko uku, kada a karanta shi a taro, kada a ɗauki hoton kowa. Kwanon ya je da sunan zumunta, yadda yake zuwa tun da, ba wanda zai yi gori a kansa. In tsohuwa ta maido kwano da ɗan goro ko kuɓewa busassa a ciki, a karɓa da hannu biyu, domin da ma ciyayya ba ta tafiya hanya ɗaya. Tsoho yana da abin bayarwa: shi ya san iyakar gonaki, shi ya san dangantakar gidaje, shi ke tuna yadda anka tsira a yunwar 1973 da ta 1984.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya shekarun 2021 zuwa 2030 su zama na tsufa cikin lafiya, Tarayyar Afirka kuma ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin tsofaffi tun watan Janairu na 2016. Waɗannan takardu ba za su zama gaskiya ba sai a cikin unguwa. Ya kamata hukumomin gunduma, sarakunan gargajiya, malamai da ƙungiyoyin mata na Gaya su zaɓi unguwa ɗaya ko biyu su fara tun wannan kaka, lokacin da rumbu ke cike, domin kafin zafin bazara ya kama, kowane tsoho ya san gidan da kwanonsa zai fito. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka, kuma duk wanda Allah ya ja kwanansa, wata rana shi ne zai zauna yana sauraren sallamar mai kwano.